Sa'ad da Alƙalamin Kwamfuta Ya Ƙi Tafiya

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu yanzu a kwamfuta muke zana hotunan da za mu koyar da yara da su. Abin yana da daɗi ƙwarai, amma akwai wata wahala da takan riƙa komowa, watau ka ja layi, sai bayan ka ɗaga hannu layin ya fito. Ina so in gaya muku yadda na gano tushenta, ko wani ya huta.

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare a unguwar Gwadabawa, cikin Jimeta, an ba ni aji huɗu. Na yi niyyar zana musu kogin Binuwai da gadar Jimeta da irin kifayen da masunta ke kamawa, gama yaro ya fi gane abin da ya saba gani. Saura kwana uku malamin da zai duba aikina ya zo. Manhajar da nake aiki da ita Krita ce, wadda ta fara fitowa a 2005, kyauta kuwa ake samunta. Ina cikin zane sai alƙalami ya soma jan ƙafa. Na kashe kwamfuta na kunna, har na cire manhajar na sāke sa ta, duk a banza. Daga baya na gane laifin nawa ne.

Bari mu yi ɗan lissafi. Hoton kwamfuta ɗige-ɗige ne ƙanana. In ka zaɓi takardar A4, ka ce a sa ɗigo 300 a kowane inci, za ka sami ɗigo 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo, wajen miliyan 8.7 ke nan. Kowane ɗigo yana cin bait 4, saboda haka falle ɗaya da aka cika da launi yana cin wajen megabait 35. Falle kuwa shi ne kamar farar leda da ake ɗorawa bisa wata, ruwa a wannan, kifi a waccan. Ni kuwa don son a yaba mini, sai na sa ɗigo 600. Na zaci ninki biyu na yi, ashe ninki huɗu ne, gama faɗi ya ninka, tsawo kuma ya ninka. Falle ɗaya ya zama wajen megabait 139, ga shi ina da falle ashirin, kusan gigabait 3 ke nan. Ƙwaƙwalwar aikin kwamfutata kuwa gigabait 4 ce tak, Windows ma tana cin nata rabo. In ƙwaƙwalwar nan ta cika, sai kwamfuta ta riƙa kai kaya rumbun ajiya tana ɗaukowa, kamar mai girki da tukunyarsa ke tsakar gida, gishiri kuwa yana kasuwa.

Maganin ba wuya. Ka dubi ƙasan fuskar Krita, tana nuna yawan ƙwaƙwalwar da hotonka ya ci. Na mai da nawa ɗigo 300, na haɗe fallayen da na gama da su ta danna Ctrl da E. Nan da nan alƙalami ya saki. Hoton da za a rataya a bangon aji, yaron da ke bencin baya ba zai taɓa rarrabe 300 da 600 ba.

Kashegari da azahar abin ya komo. To, a nan ne na soma rubuta lokacin da yake zuwa a littafina, sai na ga da safe lafiya lau, da rana ne yake ƙi. Kun san zafin Yola a watan Maris da Afrilu, yakan wuce digiri 40. In injin kwamfuta ya yi zafi, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Ni kuwa a bisa katifa nake ɗora ta, na toshe kafofin iska, ga ƙurar hunturu ta cika fanka. Na kai aka hure ƙurar, na koma aiki a tebur, na sa 'yan katako biyu a ƙarƙashinta.

In kuwa matsalarka ita ce layi ba ya kauri in ka danna alƙalami, ka shiga wurin saitin allon zane. Hanya biyu ce a Windows, WinTab da Windows Ink. Ka sauya zuwa ɗayar, ka rufe manhajar ka buɗe. In bai yi ba, ka sāke sa direban allon, watau ƙaramar manhajar da ke fassara wa kwamfuta motsin alƙalami. Amma lalle abu ɗaya za ka riƙa sauyawa sa'an nan ka gwada, in ka taɓa uku tare ba za ka san wanda ya yi magani ba.

Saboda ɗauke wuta, ka riƙa danna Ctrl da S a kai a kai, ka ajiye aikin da sunan da ke ƙarewa da .kra, gama JPEG yana manne fallaye su zama ɗaya. Hotona dai ya hau bango ranar da malamin ya zo, har wata yarinya ta gyara mini gashin bakin tarwaɗa.