Abin da Ke Hana a Buɗe wa Mai Ciwon Zuciya Jijiya

'Yan'uwana ɗalibai, ku sani zuciya tsoka ce, ita ma da jini take rayuwa. Waɗansu 'yan jijiyoyi ne ke shayar da ita. Idan gudan jini ya toshe ɗaya, sai wurin da take shayarwa ya soma mutuwa, kamar lambun da aka datse wa ruwa.

Likitoci suna da dabara biyu ta buɗe jijiyar. Ta fari, allura mai narkar da gudan jinin. Ta biyu, a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya har zuciya, a hura 'yar balan-balan a wurin da ya toshe. Likita Andreas Gruentzig shi ya fara wannan a birnin Zurik cikin 1977.

To, don me ba kowa ke samu ba?

Babban dalili shi ne jinkiri. Allurar ta fi amfani cikin awa 2 na farko, bayan awa 12 kuwa ba a cika yin ta ba. Mutum yakan ji nauyi a ƙirji da gumi, ya ce gyambon ciki ne, ya jiƙa kanwa ya sha, ya kwanta. Tsofaffi da mata da masu ciwon sukari ma wani lokaci ba ciwon ƙirjin, sai haki da kasala.

Na biyu, nisa da tsada. Aikin bututu sai asibiti mai na'ura ta musamman. Daga nan Keffi zuwa Abuja kamar mil 30 ne, balle wanda zai taso daga ƙauye.

Na uku, likita da kansa yakan hana, ba kuwa don mugunta ba. Wanda jini ya taɓa zuba masa a ƙwaƙwalwa, ko aka yi masa babbar tiyata kwanan nan, allurar tana iya halaka shi. Haka kuma idan awon zuciya ya nuna jijiyar ba ta toshe ɗungum ba, ba a yin allurar.

Nisa da tsada sun fi ƙarfinmu, amma jinkiri aikin malami ne. Sa'ad da muka fita koyarwa, mu gaya wa yara su faɗa a gida: in ciwon ƙirji ya wuce minti 15, kada a jira gari ya waye, a nufi babban asibiti nan da nan.