Kakanka Ɗan Doka Ne

Ɗana, an ce kana tattara tarihin gidanmu, kuma da ka iso kan kakanka ka yi jim, don ka ji ɗan doka ne. Kada ka tsallake shi. Rubuta shi yadda yake, Allah ya jiƙansa.

A zamaninsa garinmu Lafiya tana cikin Lardin Binuwai. Ɗan doka ma'aikacin En'e ne, Sarki ne ubangidansa. Shi ke raka masu karɓar haraji da jangali. Shi ke kai sammacin alƙali. Ranar da doya da riɗi suka cika kasuwa, shi ke tsakiya yana rabon faɗa.

Ga inda nake so ka tsaya. Ɗan sandan yau, in ya ɓata da gari, a kan ɗauke shi a kai wata jiha. Kakanka ba shi da inda za shi. Wanda ya kama da safe, da ƙaninsa zai yi sahu ɗaya da magariba. Uwar mutumin kuwa ita ke sayar wa kakarka daddawa. In ya ɗaga kulki ba bisa haƙƙi ba, ranar da aka je nema wa ɗansa aure za a tuna. In ya rufa wa talaka asiri, ya ba shi kwana biyu ya haɗa kuɗin haraji, wannan ma ana tunawa. Alheri danƙo ne. Akwai gidajen da har gobe suke shimfiɗa maka tabarma saboda shi, kai ba ka san dalili ba.

Akwai kuma masu ƙorafi, kada ka yi mamaki. A shekarun 1950 an sha tura 'yan doka kan 'yan jam'iyyar NEPU a Arewa, kuma mai kaki ba ya zaɓen inda za a aike shi. A ƙarshen shekarun 1960 aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya, tun kafin Sarki Isa Mustapha Agwai ya hau gadon sarautar Lafiya a 1974. Ka ga waɗanda suka gan su da ido sun yi ƙaranci.

To, ka hanzarta. Sayi goro, ka je wajen tsofaffin cikin gari, ka kuma leƙa ƙauyukan Eggon da Alago inda ya yi yawon haraji. In wani ya faɗi mai ɗaci, kada ka kare shi. Ka saurara, ka nema masa yafiya, sannan ka rubuta.