Gudun Aro Ba Ya Kai Mutum Gida

Ɗana, zo ka zauna nan kan tabarma kafin a kira magariba. Ɗazu da la'asar ina zaune bakin Ƙofar Kwaya na hango ka da takalmin nan naka mai taya, ka kama bayan Keke Napep da hannu ɗaya, iska tana kaɗa rigarka, abokanka suna ihu. Ban ce maka komai a gabansu ba, domin nasiha a cikin taro tana kama da tozarci, amma wallahi gabana ya faɗi da na ga direban ya taka burki.

Ba zan ce ka jefar da takalmin ba, ƙuruciya sai da motsa jiki. Labarin wata mace zan ba ka, Clara Hughes, wadda aka haifa a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada a 1972. Da ƙuruciyarta ta so lalacewa, ga sigari ga giya ga gudun makaranta, har sai 1988 da ta ga wani ɗan ƙasarsu, Gaétan Boucher, a talabijin yana tseren ƙanƙara a gasar Olamfik ta Calgary. Su can takalminsu ƙarfe ne siriri kamar bakin wuƙa a ƙasansa, da shi suke zamewa a kan daskararren ruwa. Daga ranar ta ɗaura niyya.

Ta fara da ƙanƙara, sannan ta koma tseren keke, domin cinyar da ke tura takalmi ita ce dai mai murza feda, kuma a Atlanta a 1996 ta ɗauko lambar tagulla biyu. Sai dai ka ji ikon Allah, bayan wannan ɗaukaka ciwon damuwa ya kama ta, ga lambobi a ɗaki amma zuciya babu daɗi, kuma daga baya ta fito ta faɗa wa duniya domin masu irin ciwon su daina ɓoyewa. Saboda haka, ɗana, idan ranka ya ƙuntata ka zo ka faɗa mana, mun ga jiya mun ga yau.

Tana da shekara 28 ta koma kan ƙanƙara, shekarun da wani zai ce lokaci ya wuce. Tseren da ta fi ƙwarewa a kai shi ne na mita 5,000, wato a zagaye fili mai mita 400 sau goma sha biyu da rabi, mutum a sunkuye, hannu a baya, cinya kamar ana hura mata wuta. A irin wannan tsere wanda ya fara da garaje shi ke sarewa a ƙarshe. Ta samu tagulla a Salt Lake City a 2002, sannan a Turin ta Italiya a 2006 ta biyo bayan Claudia Pechstein ta Jamus sannu a hankali, sai dab da ƙarshe ta sha gabanta ta ɗauki zinare, ta zube don gajiya. Ta ƙara tagulla a Vancouver a 2010, kuma tana dab da cika shekara 40 ta sake hawa keke ta zo ta biyar a Landan a 2012. Idan aka haɗa da wata ɗaya da ban lissafa ba, lambobin Olamfik shida ke nan, biyu a keke, huɗu a ƙanƙara, kowace da guminta ta same ta.

Kai kuwa gudun da na ga kana yi ɗazu na injin wani ne, kuma zanen aro ba ya rufe katara, domin ranar da mai keken ya kauce wa rami ko akuya, kai za a kwasa a kan kwalta, mahaifiyarka ce za ta kwana a asibiti. Idan da gaske kake son abin, ka tashi bayan asuba lokacin da hanya ba kowa, ka nemi fili mai laushi, ka sa hular kwano, ka tura da ƙafarka har ka ji cinyarka tana zafi, gobe ka ƙara kaɗan. Tsohon kekena ma yana nan a zaure, ka kai wa mai faci ya duba tayoyin.

To, ga ladan can ya fara. Cire takalmin nan ka ɗauko mana buta, Allah ya yi maka albarka.