SON MASO WANI: DARASI A KAN DATTIJON DA YA SO, BA A SO SHI BA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda zukatan bayi ke hannunSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan karo ya shafi wani al'amari da ke aukuwa cikin gidajenmu amma ba a son faɗinsa a fili. A dangi da yawa akwai dattijuwa mai cin gashin kanta, gwaggo ko inna, wadda mijinta ya rasu ko aurenta ya mutu tun da daɗewa. Da sana'arta ta gina gida, ta sauke farali, ta riƙe ƴaƴan ƴan'uwanta har ta aurar da su. Sai ranar nan a ji zuciyarta ta karkata ga wani mutum, ta aika masa cikin mutunci, shi kuwa ya ce bai da ra'ayi. Haka kuma yakan faru ga baba ko kawu. Daga nan sai ƴaƴa da jikoki su mai da abin dariya, wasu su ce abin kunya ne, wasu su ce asiri aka yi mata don a ci dukiyarta. To, mene ne matsayin shari'a?

NA FARKO: SO BA ZUNUBI BA NE

Ku sani, Allah Ya yi muku rahama, karkatar zuciya ba ta cikin abin da bawa ke da iko a kansa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah Ya yafe wa wannan al'umma abin da zukata ke saƙawa, muddin ba a aikata ba, ba a furta ba. Abin da ake kama mutum da shi shi ne inda ya kai idonsa, da harshensa, da ƙafarsa. Ibnu Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 456 bayan hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan so, mai suna Ɗauƙul Hamama. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751, shi ma ya rubuta Raudatul Muhibbina. Da zancen so ƙazanta ne, da waɗannan manyan malamai ba su ɓata tawadarsu a kansa ba.

Kuma shari'a ba ta yanka wa aure shekaru ba. Aya ta 32 cikin Suratun Nur ta umarci a aurar da marasa aure, maza da mata, ba ta ware tsoho ko bazawara ba. Uwar muminai Hadiza, Allah Ya yarda da ita, ƴar kasuwa ce mai dukiyarta, ta girmi Annabi (SAW), ta yi aure kafinsa, kuma ita ce ta fara aikawa. Buhari ya kawo cewa wata mata ta miƙa kanta ga Annabi don ya aure ta. Da ƴar Anas ɗan Maliki ta ji labarin sai ta kushe ta da ƙarancin kunya, Anas kuwa ya gaya wa ƴarsa cewa waccan mata ta fi ta alheri. Mai yi wa gwaggonsa dariya ya tsaya ya dubi wannan amsa.

NA BIYU: SO BA BASHI BA NE

Babu ƙissar da ta fayyace wannan kamar ta Barira da Mugisu, wadda Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas. Barira baiwa ce a Madina. Uwar muminai A'isha ta biya kuɗin fansarta ta ƴanta ta. Mijinta Mugisu bawa ne, don haka aka ba ta zaɓi: ta zauna da shi ko ta rabu. Ta zaɓi rabuwa. Mugisu ya riƙa bin ta a lungunan Madina yana kuka, hawaye na zuba a kan gemunsa, har Annabi (SAW) ya jawo hankalin baffansa Abbas ga mamakin irin son da Mugisu ke yi mata da irin ƙin da take yi masa. Sa'an nan ya roƙe ta ta koma. Ta tambaya ko umarni ne. Ya ce mata ceto kawai yake yi. Ta amsa cewa ba ta da bukatar Mugisu.

Ku lura da abu uku a nan. Annabi bai tsawata wa Mugisu ba, bai ce masa namiji ba ya kuka ba. Ya tausaya masa, ya taka da kansa ya nemar masa. Sa'an nan bai tilasta wa Barira ba, bai kuma yi fushi da ita ba, alhali shi ne fiyayyen halitta, ita kuwa jiya-jiya aka ƴanta ta. Mai so yana da haƙƙin a tausaya masa, wanda ake so yana da haƙƙin ya ce a'a.

Wannan ya samu manya ma. Da Hafsa ta rasa mijinta Hunaisu, Umar ya yi wa Usman tayin ta, Usman ya ce ba shi da niyyar aure a lokacin. Ya yi wa Abubakar, Abubakar ya yi shiru. Umar ya ji zafin abin, amma daga baya Annabi da kansa ya aure ta. Shi ma Annabi (SAW) ya nemi auren Ummu Hani ƴar Abu Ɗalib, ta ba da uzurin girma da ƴaƴa, ya karɓi uzurinta, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Wane ne kai ko ke, da za a ce ƙin tayinku ya zubar muku da daraja?

NA UKU: NASIHA GA WANDA ABIN YA SAMA

Ya ke baiwar Allah, ya kai dattijo, Hausawa sun ce son maso wani ƙoshin wahala. Idan an nemi abu ta hanyar halal, aka aika amintacce, aka yi istihara, amsa ta zo a'a, to a tsaya nan. Aya ta 216 cikin Suratul Baƙara ta sanar da mu cewa mutum kan so abu alhali sharri ne gare shi. A kiyayi abubuwa uku:

1. Zuwa wurin boka ko ɗan tsibbu don juya zuciyar wani. Sihiri na cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta kwana 40.

2. Sayen so da dukiya. Kyauta bayan kyauta, jari bayan jari, ga wanda ya riga ya ce ba ya so, asarar gumin shekaru ce. Shi kuma mai karɓa, in ya san ba zai yi auren ba amma yana ba da fata don ya ci, to yaudara yake yi, Allah zai tambaye shi.

3. Mai da so ƙiyayya, a shiga ɓata sunan mutum ko na matar da ya aura.

Magani kuwa shi ne rage gani da rage ambato, da yawaita karatun Alƙur'ani, da addu'a a sulusin dare na ƙarshe, da shagaltuwa da sana'a da makarantar islamiyya. Ƙofar aure da wani ma ba ta rufe ba.

NA HUƊU: HAƘƘIN DA KE KAN DANGI

Mun saba ganin irin wannan dattijuwa a matsayin mai bayarwa. Kuɗin makaranta wurinta, gudummawar biki wurinta, kuɗin magani wurinta. Mun manta cewa bayan isha'i, in kowa ya koma ɗakinsa, ita kaɗai ke rufe ƙofa. Wadata ba ta ɗebe kewa.

Saboda haka a rufa mata asiri; ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kada a kai zancenta gidan biki ko bakin kasuwa, domin wannan giba ce, kuma aya ta 11 da ta 12 cikin Suratul Hujurat sun hana izgili da cin naman ɗan'uwa. A yawaita kai mata ziyara ba don roƙo ba. In wani mutumin kirki ya fito tana so, waliyyi ya ɗaura. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin, bazawara ba a aurar da ita sai ta furta yardarta da bakinta, kuma aya ta 232 cikin Baƙara ta hana waliyyai tauye mata. Wanda ya hana gwaggonsa aure don kada miji ya shiga gado, ya ji tsoron Allah. Dukiyar tata ce tana da rai, kuma babu wanda ya san wa zai gaji wani.

Muna roƙon Allah Ya sanyaya zukatan da suka ƙuna, Ya musanya musu da mafi alheri, Ya ba mu ikon girmama manyanmu da jin ƙansu. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahamatullahi.