Darasin Kyandir

A birnin Landan akwai wata majalisar masana da a ke kira Royal Institution. Tun shekara ta 1825 a ke tara yara da iyayensu can lokacin hutun Kirsimati, a gwada musu abubuwan ilmi ido da ido. Ba a fasa ba sai daga 1939 zuwa 1942, saboda yaƙi, har wa yau kuwa ana yi. Wanda ya kafa wannan al'ada shi ne Michael Faraday, ɗan maƙeri, wanda aka haifa a 1791. Bai yi zurfi a makaranta ba, ɗinkin littattafai ya koya. A 1812 ya sami shiga inda Humphry Davy ke gwada ilmin kemistiri, watau sanin abin da ke cikin abubuwa da yadda su ke sākewa. Abin da ya gani nan shi ya juya rayuwarsa.

Darasinsa da ya fi shahara a kan kyandir ne, aka buga shi littafi a 1861. To, bari mu bi sawunsa da gwaji uku.

Na fari, mu kunna kyandir ya ci sosai, sa'an nan mu hure shi. Mu kai ashana mai wuta cikin farin hayaƙin nan da ke tashi, kamar inci ɗaya bisa lagwani. Sai mu ga wuta ta bi hayaƙin ta sauka, kyandir ya sake kamawa. Ashe ba lagwani ne abincin wutar ba. Zafi ke narkar da kakin, lagwani ya tsotso shi sama, ya zama tururi, tururin nan ne ke ci.

Na biyu, mu riƙe busasshen tambulan mai sanyi bisa harshen wutar. Nan da nan sai ya yi raɓa. Ruwa daga wuta! Dalili kuwa, cikin kakin akwai haidirojin, in ya gamu da oksijin na iska sai su zama ruwa. Kadan muka sa cokali cikin harshen kuma, sai ya yi baƙi, wannan shi ne gawayin kakin da bai ƙone ba.

Na uku, mu kife kwalba mai faɗin baki bisa kyandir. Jim kaɗan wutar ta yi ƙasa ta mutu, gama oksijin ya yi mata kaɗan. Shi kuwa kamar kashi ɗaya ne cikin biyar na iska, shi ne kuma mu ke shaƙa mu rayu. Uwar da ta ga wannan ba ta bukatar dogon wa'azi kan haɗarin kwana da garwashi cikin rufaffen ɗaki.

Mu da za mu zama malamai, sai mu lura da dabarar. A gwada abu tukuna, a tambayi masu kallo abin da su ke tsammani, bayani ya zo daga baya. Kada kuwa a bar su da mamaki kurum, don kada su ɗauka tsafi ne. Yaron da ya haddace magana ya kan manta, amma wanda ya gani tare da ubansa, a gida za su ƙarasa gardamar. Gani ya kori ji. Sai dai wuta babba ya kamata ya riƙe, da ruwa kusa.