Ƙwaƙwalwar Yaro: Yadda Take Girma da Yadda Za Mu Kare Ta

Ya ku iyaye maza da mata, ginin ƙwaƙwalwa aiki ne na shekara da shekaru, kuma harsashinsa a hannunmu yake.

Yaya take girma?

Ranar da aka haifi jariri, nauyin ƙwaƙwalwarsa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na ta babban mutum. Saboda saurin girmanta ne ƙasusuwan kansa ba sa haɗewa nan take, shi ya sa muke ganin maɗiga, wadda takan rufe wajen wata 18. Kafin ya cika shekara 6, ƙwaƙwalwar ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta.

Amma girma daban, nuna daban. Duk lokacin da yaro ya ji magana ko ya yi wasa, jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa suna ƙulla hanyoyi a tsakaninsu. Kamar hanyar gona ce: wadda ake bi kullum takan faɗaɗa, wadda aka bari kuwa ciyawa ta cinye ta. Sashen gani da na ji su ne ke fara nuna. Sashen goshi, mai kula da tsari da kame kai, ba ya kammala sai wajen shekara 25. Wannan na daga cikin dalilan gaggawar samari.

Me ke iya rushe ginin?

Sanƙarau yana kumbura rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. A annobar 1996, ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya. Cikin waɗanda suka rayu bayan sanƙarau mai tsanani, kusan ɗaya cikin biyar kan kasance da kurumta, farfaɗiya ko wahalar koyo. Ƙyanda ma takan haura zuwa ƙwaƙwalwar kusan yaro ɗaya cikin 1,000 da ta kama. Abin da ya lalace a nan da wuya ya dawo daidai.

Mene ne namu?

- Mu shayar da nonon uwa zalla har wata 6.
- Mu yi amfani da gishiri mai sinadarin ayodin.
- Mu kai yaro rigakafi ranar haihuwa, da mako 6, 10 da 14, sannan allurar ƙyanda a wata 9 da wata 15.
- In mun ga zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya, jijjiga ko kumburin maɗiga, mu garzaya asibiti, kada mu kwana.

Mu adana katin rigakafi. Rigakafi ya fi magani.