Wane Ne Percy Jackson?

Wata malama daga Tanut, a Damargu, tana tambaya game da littafin da ɗalibanta suka nace wa.

Malama, Percy Jackson ƙagaggen yaro ne. Rick Riordan, tsohon malamin makaranta a Amurka, ya fitar da littafin farko a 2005. Tun asali saboda ɗansa mai fama da matsalar karatu ya ƙirƙiri labarin, shi ya sa jarumin ma haruffa ke rikice masa. A labarin, ubansa Poseidon ne, wanda Girkawan dā suka ɗauka ubangijin teku. Almara ce kawai. Tunda yaƙi da dodanni irin na littafin ke burge ɗalibanki, miƙa musu Ganɗoki na Bello Kagara, na 1934. Aljanu na ciki, kuma da Hausa.